Kaset ɗin Baba Han

Ran nan da na kawo muku ziyara a unguwarku ta International City, nan Dubai, na tarar da ku a kan katifa ɗaya kun haɗa kai a kan waya, samarin Koriya suna ta tsalle a cikinta kamar an zuba musu ƙaiƙayi. Na ce me ake kallo, Bashir ya ce, "Kawu, wannan ba na zamaninku ba ne." Da hira ta yi nisa har yake tambayata wai da can aikin me nake yi a Deira, ba kwafar kaset ba ce? Ai danna maɓalli ne mutum ya koma ya sha shayinsa. Ban tanka masa ba, saboda akwai abinci a gabana, ni kuwa ba na haɗa cin abinci da gardama. Amma maganar ta tsaya mini a rai. Shi ya sa na ce bari in ba ku labarin sana'ar, da yadda aka yi kiɗan mutanen nan ya taɓa biyowa ta hannuna tun kuna rarrafe.

Aikin farko da aka taɓa ba ni shi ne naɗe zaren kaset da biro. A kasuwar Sabon Gari ne, a Kano, rumfar Malam Ilu mai gyaran rediyo, Allah ya jiƙansa. Rediyon motar wani direba ya tauna kaset, zaren ya fito ya cukuikuye, Malam Ilu ya miƙo mini ya ce in mayar da shi gidansa ba tare da ya murɗe ba. Na sa yatsa na kama fuskar zaren, ban ankara ba sai na ji ƙotar sukuddireba a bayan hannuna.

"Kai Sabo, gumin hannunka gishiri ne," in ji shi. "Muryar mutum ce a kwance a nan, ba igiyar shanya ba ce. Ta gefe ake kamawa."

Na daɗe a rumfar nan ba a bar ni na taɓa na'ura ba. Daga naɗe zare sai goge hed, wato ɗan ƙarfen nan da zare ke bi ta kansa murya ta fito. Ana goge shi da auduga a kan tsinke da ɗigon sifirit, a jira ya bushe. Kayan aikinmu ba su da yawa: reza sabuwa, wadda ba ta taɓa gemun kowa ba, da salatif na haɗa zare, ba irin na ɗaure kwali ba, don wancan yana tsatso da danƙo in ya ji zafi ya ɓata duk abin da ke kusa da shi. Sai wata 'yar sukuddireba siririya da ake murɗa ƙusar da ke gefen hed. Kowane kaset da irin karkatar na'urar da ta ɗauke shi, sai ka murɗa kaɗan-kaɗan kana saurare har muryar ta buɗe. Wannan ba a koyar da shi da baki. Malam Ilu yakan tsaya a bayanka ne, in ka wuce wurin ya yi gyaran murya.

Abin da ya fi alfahari da shi kuwa ikwalaiza ce, wani akwati mai jerin maɓallai da ake ja sama ko ƙasa don rage kaifin sauti ko ƙara masa kauri. Mutanenmu tsafta suke so. Mai kaset ɗin tafsiri ba ya son jin shuuu a bayan malam, uwar amarya ba ta son sifika mai fashewa ta rufe sunan 'yarta a bakin mawaƙi. Duk wani kaushi da ƙugi da ziza, Malam Ilu "datti" yake kiransa, kuma ya koya mini cire shi a lokacin da ake kwafa, hannu a kan maɓalli, kunne a kan sauti. Na ƙware a wannan har ana turo mini aiki daga wasu rumfuna. Ban ɓoye muku ba, na ji kaina sosai a lokacin.

Na shigo Dubai a farkon shekarun dubu biyu, tare da 'yan kasuwar da ke saro kaset marar komai da na'urorin kwafa. Na zo sayayya ne, sai zama ya kama ni. Wani Alhaji Mamman, mutumin Maraɗi, mai sayar da takalma da haɗa kago, wato tura kayan 'yan kasuwa gida a kwantena, a kasuwar Al Sabkha da ke Deira, shi ya yi mini biza ya ba ni lungu a bayan shagonsa, tsakanin kwalaye. Faɗin wurin bai wuce a shimfiɗa darduma biyu ba. Na jera dek ɗina biyu, wato na'urorin kunna kaset da kwafa, da ikwalaizata da na taho da ita tun daga Kano a naɗe cikin zanin gado, daga baya na ƙara da kwamfuta, saboda a lokacin kowa so yake a mayar masa da kaset ɗinsa kan sidi.

Akwai wata Hajiya 'yar Damagaram mai saro turare da ta kawo mini kaset ya tsinke wuri uku. Muryar mahaifiyarta ce, ta aiko mata da saƙon baki tun tana Makka, ga shi tsohuwar ta rasu. Na buɗe shi a kan farar takarda, na yanke bakin kowane tsinki a karkace, na haɗa, na mayar da zaren cikin sabon gida. Da na kunna mata, tsohuwar tana cewa a gaida wane, a gaida wance, kar a manta da maganin ƙafa. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska, ni kuma na juya ina neman abin da ban ɓatar ba a cikin durowa. Irin waɗannan su ne masu zuwa wurina. Akwai 'yan Kerala ta Indiya da matansu ke aiko musu da magana a kaset, akwai Sudanawa da waƙoƙin bikinsu, akwai 'yan Somaliya. Ba na jin harshen rabinsu, amma aikin ba ya bukatar haka.

Sai mummunar shekarar ta zo, wajen ƙarshen shekarun nan. Gine-gine suka tsaya cak, injinan ɗaga kaya suna tsaye a sama ba mai motsa su, mutane suna ta tattarawa suna komawa ƙasashensu. Kwantenar Alhaji Mamman da take cika kafin a ce kwabo sai ta yi ta jiran kaya. Ni kuma nawa ya zo biyu, don daidai lokacin ne waya mai ɗaukar waƙa ta cika gari. Yaro ya tura wa yaro waƙa ɗari yana tsaye a tashar bas, wa zai nemi Sabo? Sai in buɗe lungu da safe in goge hed ɗin da ba abin da ya bi ta kansa tun jiya. Har na fara tambayar Alhaji ko akwai sauran wuri a kwantenar Kano da dek biyu za su shiga.

A cikin wannan hali ne wani dattijo Bakoriye ya shigo shagon wata rana da hantsi. Gajere ne, gashinsa fari fat, ya sa riga mai guga. Ya wuce takalman Alhaji bai kalle su ba, ya tsaya a bakin lunguna ya ɗan rusuna.

"Kai ne mu'allim na kaset? Wani ɗan Kerala mai wanke mini kwanoni ya ce in zo nan. Fi mushkila, babba."

Da Larabcin kasuwa da guntun Turanci muka yi maganar, yadda kowa ke yi a Deira. Sunansa Han. Yana da ɗan gidan abinci a ƙasan wani otal ta wajen Al Buteen, inda injiniyoyin ƙasarsu ke cin abinci, su ma a lokacin sun watse. Da yake ya haife ni, sai na kira shi Baba Han, ya kuwa amsa. Ya ciro wani abu daga aljihun ƙirji a naɗe cikin hankici, ya miƙo mini da hannu biyu. Haka suke yi in abu yana da daraja. Ni ma sai na tsinci kaina na sa hannu biyu na karɓa.

Tun kafin in buɗe shi na san akwai aiki. Fumfuna ta yi fari a gefen zaren, ɗan soson da ke danna zare a kan hed ya faɗi yana yawo a ciki, kuma da na karkata shi a kan farar takarda sai wani gari ja-ja ya zubo. Garin nan shi ne muryar. In ya gama zuba, abin da zai rage leda ce kawai.

"Baba, a ina wannan ya kwana?"

"Akwatin ƙarfe. Sansanin ma'aikata a Saudiyya, sannan Kuwait, sannan nan. Shekara talatin da wani abu."

Na faɗa masa gaskiya: wannan zaren wataƙila sau ɗaya zai iya bi ta kan hed, in an yi sa'a. Ya gyaɗa kai, ya jawo kwalin takalmi ya zauna. Alhaji Mamman ya aika aka kawo shayi, dattijon ya ba mu labarin abin da ke ciki.

Yana saurayi, in ji shi, makaɗi ne. Yana kaɗa babbar jitar nan mai kaurin murya da ake kira bes, a ƙungiyar wani mutum da bai taɓa ambatar sunansa a gabana ba, "Malamina" kawai yake cewa. Malamin maraya ne da yaƙin ƙasarsu ya bari. A rediyo ya koyi jita, ya fara neman abinci da kiɗa a wuraren shaƙatawar sojojin Amurka, yana kwaikwayon waƙoƙinsu har sojojin suna rantsuwa ɗan garinsu ne. Da ya ƙoshi da kwaikwayo sai ya ce me zai hana a yi irin wannan kiɗan da harshen gida, a ɗora shi kan karin waƙoƙin da tsofaffin mata ke yi a gona. Mutane suka yi masa dariya, kafin a jima kuma duk matasan ƙasar suna rera abin da ya rubuta. Ya tsinto 'yan mata da samari da ba wanda ya sani ya mayar da su mawaƙa. Waɗannan masu tsallen da kuke kallo a waya, jikokinsa ne a sana'a, ko sun sani ko ba su sani ba.

Daga nan masu mulkin lokacin suka sa masa ido. Aka ce kiɗansa hayaniya ce mai lalata tarbiyya, aka hana sa shi a rediyo, aka kwashe faya-fayansa, aka hana shi hawa dandamali shekara da shekaru. Waƙar ƙarshe da suka shirya ba ta taɓa fita ba. Abin da ya rage daga gare ta shi ne wannan kaset, wanda Han ya ɗauka da ƙaramin rakoda a ɗakin gwaji don ya riƙa bita a gida.

"Sauran sun tsaya tare da shi," in ji Baba Han. "Ni ina da mata da jariri. Aka ce ana ɗaukar leburori zuwa ƙasar Larabawa, na tafi. Ban yi masa sallama ba. Kunya ta hana ni a lokacin, daga baya kunyar ta ƙara girma."

Yanzu malamin ya tsufa, ba shi da lafiya, ana ta karrama shi a talabijin. 'Yarsa ta yi ta cigiya a wurin tsofaffin yaran ƙungiyar ko akwai mai wannan waƙar, don tsohon yana yawan ambatonta, kuma shi kansa ta fara kuɓuce masa. Cigiyar ta zagayo har Dubai.

"Ba zan iya shiga gidansa hannu rabbana ba, mu'allim. In na je da wannan, ina da abin da zan ajiye a gabansa."

Alhaji Mamman ya ce, "Allah sarki. Sabo, doucement, a hankali da kayan mutane fa."

Na fara da busar da shi. Na kwaso 'yan ƙunshin nan masu shanye laima da ake sawa cikin kwalin takalmi, waɗanda Alhaji ke da su buhu-buhu, na zuba a gwangwanin madara, na sa kaset a tsakiya na rufe. Bayan ya sha kwanaki na buɗe gidansa, na ɗauke zaren na mayar cikin sabon gida mai sabon soso, na bi shi da biro daga farko har ƙarshe ina share fumfunar da busasshiyar auduga, ba tare da na danna ba. Wuyana ya yi kwana biyu ba ya juyawa. Sannan na goge hed, na haɗa dek da ikwalaiza, ikwalaiza da kwamfuta, na yi bismilla na danna.

Ganga ta shigo lafiya, bes ta biyo ta. Sai jita ta faɗo da wani irin kaushi, tana ƙugi tana tsagewa kamar sifikar masallacin da ruwa ya shiga. Na ce shi ke nan, zafin Saudiyya ya cinye wurin nan. Hannuna bai jira shawarata ba, ya ja maɓallan sama ƙasa, ya rage na tsakiya, ya yi ta lallashi har jitar ta kwanta ta yi laushi. Da waƙar ta ƙare na duba hed, ya yi ja da gari. Amma na yi murna, har na ce wa Alhaji, ai da Malam Ilu yana raye da ya sa mini albarka.

Baba Han ya zo da rigarsa mai guga. Na ɗora masa abin sauraro a kunne, ya zauna a kwalinsa ya dafa gwiwoyi. Da ganga ta shigo ya lumshe ido. Can sai ya buɗe, ya dube ni.

"Ina jitar?"

"Ga ta nan, Baba. Ta lalace ne, na gyara ta."

Ya cire abin sauraron a hankali. Ya ce in kwatanta masa yadda take kafin in gyara. Na kwatanta da bakina, har da tsagewar. Sai ya fashe da dariya, ya yi ta yi har da tari, sannan dariyar ta tsaya ita kaɗai.

"Mu'allim, ba lalacewa ba ce. Haka take. Wani ɗan akwati ne Malamina yake takawa da ƙafa, shi ya haɗa shi da hannunsa daga tarkacen rediyon sojoji. Kafin shi ba wanda ya taɓa jin wannan sautin a ƙasarmu. A kansa aka kira shi ofis, aka ce ya cire wannan ƙazantar a bar shi ya ci gaba da waƙa. Ya ce a'a." Ya dubi ikwalaizata. "Hukuma da 'yan sandanta ba su iya cire masa ita ba. Kai ka cire ta da yatsa biyu."

Ban taɓa jin kunya a bakin aiki irin ta ranar ba. Alhaji Mamman, wanda ba ya barin ta kwana, ya leƙo ta saman kwalaye.

"Mais Sabo, kai ba ka taɓa jin garaya ba? Ɗan gwangwanin nan mai zobba da ake maƙala mata a kai don ta yi ziza, wa ka taɓa gani ya cire shi ya ce datti ne? Garin gyaran gira ka tsone ido, wallahi."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Na taso ina jin garaya da kukuma, na san daɗinsu a wannan kaushin yake. Amma da ya zo mini daga jitar wani Bakoriye sai ban gane shi ba.

Na shimfiɗa wa Baba Han zancen yadda yake. Abin da na rage ba ya dawowa, don ta cikin ikwalaiza sautin ya bi kafin ya shiga kwamfuta. Ko dai ya tafi da wannan mai laushin, ya haɗa da kaset ɗin yadda yake, ko kuma mu sake bi da zaren ta kan hed. In muka sake, zai iya kaiwa ƙarshe, zai iya zubewa a tsakiya, kuma ko ya kai ko bai kai ba, daga ranar kaset ɗin ya gama aiki. Ya juya hankicinsa a hannu.

"In na kai masa wannan, zai saurara, zai ce na gode. Mutum ne mai kunya. Amma zai san na kawo masa irin wadda suka so ya yi." Ya ninke hankicin. "Yalla, mu sake. Amma ina nan zaune."

Muka sa ranar Juma'a da safe, lokacin da Al Sabkha take rufe, ba masu turo kaya, ba mai buga ƙofa yana neman takalmi lamba arba'in da biyu. Alhaji ya ba ni makulli. Na zare ikwalaiza gaba ɗaya na ɗora ta kan kwalaye, na ja waya ɗaya daga dek zuwa kwamfuta. Na cire murfin dek don hannuna ya samu shiga, na jera tsinkayen auduga a gefe. Dabarar ita ce in riƙa tare garin da ke zuba kafin ya taru a kan hed ya toshe sautin, ba tare da na taɓa zaren da ƙarfi ba. Ƙusar gefen hed kuwa na bar ta inda na daidaita ta tun farko. Wannan karon a sifika na saki sautin, don shi ma ya ji.

Ganga, bes, sannan jitar. Da na saurare ta ba da niyyar gyara ba, sai na ji ashe kuka take yi, irin na wanda ya daɗe yana riƙewa. Wata murya ta shigo, ba mai zaƙi ba, ta namiji mai ɗan dishi. Ban ji kalma ɗaya ba. Ina canza tsinke bayan tsinke, kowanne yana fitowa ja. Ta wutsiyar ido ina ganin yatsun Baba Han na hagu suna tafiya a kan gwiwarsa, suna danna wuraren da babu komai. Wajen ƙarshe sautin ya fara dusashewa yana dawowa, na ce a raina ya Allah ka kai mu. Jitar ta ja dogon numfashi na ƙarshe, ganga ta rufe, aka ji wasu samari sun kwashe da dariya a cikin ɗakin, wani ya yi magana. Daga nan sai shuuu.

Na tsayar da dek. Na ciro kaset na ɗaga shi wajen fitila, wurare da yawa haske yana ratsa zaren. Na mayar da waƙar daga kwamfuta muka sake ji tun daga farko, tana nan cif, da kaushinta. Baba Han ya tashi ya rusuna mini har sai da na ji nauyi na kama kafaɗarsa na ɗago shi. Na buga masa sidi uku don kar a yi tsautsayi, na naɗe masa mataccen kaset ɗin a hankicinsa. Muka fito ana kiran salla, ni na nufi masallaci, shi ya nufi bakin ruwa.

Aka ɗauki makonni ban ji ɗuriyarsa ba. Har na fara tunanin ko bai iske tsohon da rai ba, ina so in je otal ɗin in tambaya ina tsoron amsar. Sai ga shi wata rana bayan la'asar, ya rame kaɗan, ya ce ya dawo ne ya sallami ma'aikatansa ya mayar da makullin gidan abincin. Ya zauna a kwalinsa. Alhaji ya bar mai ciniki a tsaye ya matso.

Ya ce a gidan 'yar ya sami malamin nasa, a kan kujera, an lulluɓa masa bargo a ƙafa. Ya durƙusa ya kai goshinsa ƙasa, irin gaisuwar da suke yi wa iyaye da malamai. Tsohon ya dube shi. Duk maganar da Baba Han ya shirya a jirgi ta gudu. Sai kawai ya miƙa wa 'yar sidin ta sa. Tsohon ya rufe ido. Da jitar ta shigo, ƙafarsa ta dama ta motsa a ƙarƙashin bargon tana neman abin takawa. Bai buɗe ido ba har aka gama.

"To, me ya ce?" in ji Alhaji.

"Ya ce, 'Han.' Na ce, 'Na'am, Malam.' Ya ce, 'A baiti na biyu ka makara da shiga.'"

Baba Han yana dariya hawaye yana bin kumatunsa, bai damu ya share ba.

"Shekara talatin da wani abu, abin da ya fara ce mini ke nan. Kuma gaskiyarsa, na makara. Sannan ya ce in je in kintsa harkokina in dawo da jitata, mu gyara wurin tun yana da sauran ƙarfi." Ya buɗe tafukan hannunsa yana kallonsu, sun yi laushi da ruwan wanke-wanke. "Mu'allim, ni ba ni da jita. Na sayar da ita tun ranar da zan hau jirgin Saudiyya. Ka san inda ake sayar da bes a nan Deira? Ba sai mai tsada ba."

Na san wani shago a bayan tashar bas. Na kashe dek, na ɗauki hulata, na ce wa Alhaji in wani ya zo nemana ya jira.